Babi na Shida: Tsakanin Leɓe da Leɓe

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, ruwan kogin Ngadda ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, hankalin kowa a Maiduguri ya tafi ga manyan abubuwa: bangon madatsa, gadoji, tituna, gidajen da suka rushe. Ba laifi ba ne, domin abin da ido ya gani shi zuciya ke bi. An kammala madatsar a shekarar 1986, ta taɓa yi wa birnin ambaliya a 1994, kuma a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 wajen sake gina ta. Sai dai Alau ba katangar tare ambaliya kaɗai ba ce. Daga tafkinta ake jawo ruwan da matatar birni ke tacewa, kuma kafin wannan ruwa ya isa famfon wata unguwa sai ya ratsa ɗaruruwan mahaɗai, inda bututu ya sadu da bututu, ko da injin turo ruwa, ko da bawul, ko da tankin magani. A kowace mahaɗa akwai wani ɗan faifai da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, wanda ba a kiran sunansa ranar buɗe aiki, ba ya fitowa a hoto, amma idan ya gaza duk abin da ke gabansa ya tsaya. Makanikai na kiransa gaskit, kuma duk direban da motarsa ta taɓa haɗa ruwa da mai ya san sunan, ya kuma san kuɗin.

Manyan bututu ba a murɗa su kamar na banɗaki. Ana yi wa bakin kowanne faffaɗan leɓe mai ramuka, a haɗa leɓe da leɓe, a zura notuna a ɗaure. Komai kyan gogewar leɓɓan nan biyu, idan aka duba su da madubin ƙara girma za a ga tudu da kwari, kuma ruwan da aka matsa ba ya buƙatar ƙofa, tsaga ta ishe shi. Aikin gaskit shi ne ya lotsa ya cike waɗannan ƙananan kwaruruka, ya kuma ci gaba da turo leɓɓan da ɗan ƙarfi bayan an gama ɗauri. Nauyin da ke kansa ba na wasa ba ne. Bututu mai faɗin inci 6, idan matsin ruwan cikinsa ya kai bar 10 a ma'aunin matsi, ƙarfin da ke neman raba leɓɓansa ya kusa tan biyu, notuna takwas ne kuma ke riƙe da su. Saboda haka dole ɗaurin ya rinjayi wannan ƙarfi, ya kuma rage wani abu da zai ci gaba da danne faifan. Daga nan aka samo al'adar da ta zauna a hannun masu gyara daga Legas har Gamboru: idan mahaɗa ta yi yoyo, a ƙara ɗaurewa, idan sifana ta kasa, a zura mata guntun bututu a hau da jiki. A kan leɓen baƙin ƙarfe mai kauri, wannan al'ada takan yi aiki fiye da yadda ta cancanta, shi ya sa ta ƙi mutuwa.

Matsalar ita ce ba duk leɓe ne baƙin ƙarfe ba. Akwai na roba mai tauri irin PVC, akwai na faiba, akwai na ƙarfen zubi da tsofaffin famfuna da bawul ke ɗauke da shi, wanda ba ya lanƙwasa sai dai ya tsage. A masana'antun magani da na sinadarai akwai tukwanen ƙarfe da aka shafe cikinsu da gilashi, tamkar langar da iyaye mata ke jerawa a ɗaki, kuma wanda ya taɓa ganin langa ta faɗi ya san yadda shafen ke ɓantarewa, ya san kuma daga nan tsatsa ke shiga. Ba rowa ce ta sa ake amfani da waɗannan kaya masu rauni ba. Dalilin shi ne abin da ke gudana a cikinsu yana cin ƙarfe. Ruwan alif da ake zubawa domin laka ta kwanta, ruwan kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, asid, duk ba sa zaman lafiya da baƙin ƙarfe. Sai aka wayi gari ruwan da ya fi haɗari shi ke bin bututun da ya fi rauni, wato inda yoyo ya fi muni nan ne kuma aka fi hana mai gyara nuna ƙarfinsa. A irin wannan wuri ba leɓe ne zai bi gaskit ba, gaskit ne zai bi leɓe: a nemo wanda zai toshe da ɗan matsin da leɓen zai iya ɗauka, wanda kuma sinadarin ba zai cinye shi ba. Waɗannan sharuɗɗa biyu ba sa son zama a jiki ɗaya, kuma injiniyoyi sun shafe shekaru suna neman sasanta su.

Rabin amsar ya zo ne bisa tsautsayi. A ranar 6 ga Afrilu 1938, wani matashin masanin sinadarai a kamfanin DuPont a jihar New Jersey ta Amurka, Roy Plunkett, yana neman sabuwar iskar sanyaya firji. Ya buɗe wata tukunyar gas da ya ajiye, ba abin da ya fito, alhali nauyinta ya nuna ba ta zama fanko ba. Da aka yanka ta sai aka tarar da farin gari mai santsi a manne a ciki. Iskar ce ta haɗe da kanta ta zama dogayen sarƙoƙi na kabon, kowane kabon a lulluɓe da fulorin. Wannan lulluɓi shi ne sirrin abin: fulorin na riƙe kabon da ƙarfin da kusan ba wani sinadari da ke iya ɓamɓare shi, don haka asid da soda da kulorin ke wucewa ta kansa kamar ruwa a bayan agwagwa. Sunansa a taƙaice PTFE, an kuma yi masa rajista da sunan kasuwa Teflon a 1945. Aikinsa na farko mai girma shi ne toshe mahaɗai a masana'antar tace yuraniyom ta Oak Ridge lokacin yaƙin duniya na biyu, inda ake sarrafa wata iska mai cin kusan duk abin da ta taɓa. Yana narkewa ne a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, yana kuma jure aiki har zuwa digiri 260. Mutumin Maiduguri ya san shi ko da bai san sunansa ba: shi ne farin tef ɗin da mai gyaran famfo ke naɗa wa bakin bututu, shi ne kuma shafen kaskon da ƙwai ba ya kamawa.

Amma santsin da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma aibinsa. Sarƙoƙin nan ba sa kama juna, suna zamewa ne a kan juna. Idan aka yanka gaskit daga zallan PTFE aka ɗaure, yau zai toshe sarai, amma a hankali sai ya riƙa malalewa gefe, kamar kakin zuma da aka ɗora wa dutse. Kaurinsa na raguwa, notunan na sakin jiki, bayan 'yan kwanaki ko makonni sai ɗigo ya bayyana a wurin da ba wanda ya taɓa. Zafi na hanzarta wannan malala, kuma a nan yanayin Borno ya shigo cikin lissafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri na haura digiri 40 a inuwa, bututun da ke kwance a rana kuwa ya fi haka nesa, alhali PVC ba a yarda a yi aiki da shi sama da digiri 60 ba, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Da hunturu kuma dare na yin sanyi, rana ta yi zafi. PTFE na buɗewa da tsukewa kusan ninki goma na ƙarfe, PVC kusan ninki biyar, notin ƙarfen da ke riƙe da su kuwa yana tafiyarsa a hankali. Kowace rana mahaɗar na matsewa ta saki, kuma a kowane zagaye faifan na rasa wani ɗan kauri da ba zai dawo ba. Mai gyara ya zo ya ƙara ɗauri, faifan ya ƙara malalewa, ya sake ƙarawa, har ranar da leɓen zai amsa da ƙara guda, ya tsage daga ramin noti zuwa ramin noti.

Maganin da aka samo magina na gargajiya sun riga kowa saninsa: ƙasa zalla tana sulalewa, sai an cuɗa ta da ciyawa take tsayawa. Aka fara cuɗa garin PTFE da wani abu mai tauri da zai tsaya wa sarƙoƙin a hanya. Kamfanin Garlock na Amurka ya fito da nasa a 1967 da sunan Gylon, inda ya haɗa cuɗawar da wata hanyar murza faifan ta fuskoki biyu domin ƙarfinsa ya zama ɗaya a tsaye da a kwance, maimakon feɗe shi daga dunƙule kamar yadda aka saba. Abubuwan da ake cuɗawa ba su da yawa, kowanne kuma da halinsa. Silika, wato tataccen yashi, na ba da faifai mai tauri da ke jure asid mai ƙarfi. Bariyom salfet na jure soda mai ƙuna da kulorin. Na uku shi ya fi shafar leɓe mai rauni: ƙananan ƙwallayen gilashi masu rami a ciki, waɗanda ido ba ya rarrabe su ɗaya-ɗaya. Idan aka ɗaure noti, wasu daga cikin ƙwallayen na murƙushewa, sai faifan ya lotsa cikin sauƙi ya bi tudu da kwarin leɓen, ba tare da ya malale gefe ba. Lotsawa daban, malala daban; ta farko ake nema, ta biyu ake gudu, kuma duk fasahar ta tsaya ne a kan raba su.

A nan ne mai saye ke faɗawa rami idan ya ɗauka duk abin da aka rubuta wa PTFE ɗaya ne. Da zarar an cuɗa, juriyar faifan ba ta PTFE ba ce kuma, ta abin da aka cuɗa ce, domin sinadari zai bar sarƙoƙin ya bi ƙwayoyin da ke tsakaninsu yana ci. Soda mai ƙarfi na cin gilashi da silika. Ke nan faifan da ya fi laushi, wanda leɓen PVC ya fi so, ba shi ne ya dace da layin soda ba. Wanda ya dace da soda kuwa, mai bariyom, yana neman matsin da leɓen roba ba lallai ya iya bayarwa ba. Domin irin wannan tsaka-mai-wuya aka samar da wasu hanyoyi biyu. Ɗaya ta samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969, cewa idan aka fizgi PTFE mai zafi da sauri ba ya tsinkewa, sai ya buɗe ya zama kamar soso mai zare-zare, iska ta cika tsakaninsa. Faifan da aka yi da shi ba cuɗe yake da komai ba, yana da laushi ƙwarai, zarurukan kuma na rage malala. Ɗayar ita ce a yi gaskit na roba a lulluɓe fuskar da ke taɓa sinadari da siririn PTFE, roba ta ba da lotsawa, lulluɓi ya ba da kariya. Ba wanda za a ce shi ne gwani a ko'ina. Tambayoyi huɗu ke zaɓen gaskit: me ke gudana a ciki, zafinsa nawa, matsinsa nawa, leɓen kuma da me aka yi shi.

Mai gyaran da ya shekara ashirin yana yanka gaskit daga tsohuwar robar cikin taya zai yi murmushi ya ce duk wannan surutun 'yan boko ne, shi nasa yana aiki, kuma kyauta ne. A kan ruwa zalla, gaskiyarsa ta fi ta mai tallan kaya masu tsada yawa. Masu ƙera leɓen PVC da kansu roba suke ba da shawara a sa, mai kaurin milimita 3, wadda ta rufe fuskar leɓen gaba ɗaya har da ramukan noti, saboda roba na toshewa da matsin da ko PTFE mafi laushi bai kai ta sauƙi ba. Wanda ya sa cuɗaɗɗen PTFE a bututun rijiyar burtsatse ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma ƙara wa leɓen wahala. Haka nan a layukan da zafinsu ya wuce kima, irin waɗanda ake samu a tashar lantarki mai aiki da gas kamar ta megawat 50 da aka buɗe a Maiduguri a watan Maris 2023, gaskit na ƙarfe da girafait ake amfani da shi, PTFE ba shi da hurumi a can. Yankinsa ƙarami ne: ɗakin magani na matatar ruwa, tankunan asid da soda, layin iskar kulorin. Sai dai a cikin wannan ƙaramin yanki hujjar mai robar taya ta rushe. Robar nan siririya ce, a lanƙwashe take tun asali, ta riga ta tsufa a kan titi, man fetur da na dizal na kumbura ta, asid mai kauri na lalata ta, kulorin mai ƙarfi na busar da ita har ta tsattsage. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma idan aka auna tsadar faifai mai kyau, da me ake auna ta? Ba da robar banza ba, da leɓen da zai tsage, da injin da asid zai ɗiga a kansa, da hannun ma'aikacin da zai ƙone, da kwanakin jiran kayan gyara daga Kano ko Legas ta hanyar Damaturu.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya fi lita 4 a yini, a mako ya cika jarka, wannan kuwa ba komai ba ne idan ruwa ne. Idan layin kulorin ne, abin da yakan faru shi ne a rufe shi har a sami gyara, ruwa kuma ya ci gaba da tafiya cikin gari, fari tas a ido, ba mai sanin an sallame shi ba magani. A garin da famfo ke zuwa yana ɗaukewa, lamarin ya fi haka tsanani. Duk lokacin da aka tsayar da turo ruwa, matsin cikin bututu na faɗuwa, mahaɗar da ke zubarwa ɗazu sai ta koma tsotsa, ta jawo abin da ke kewaye da ita a ƙasa, ko da ruwan kwata ne. Ragowar kulorin da ke cikin ruwan ita ce garkuwar ƙarshe daga wannan. Maiduguri ta ga kwalara a 2017, wadda ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage, ta kuma sake ganinta a Oktoba 2024, makonni kaɗan bayan ambaliya. Ba gaskit ne ya kawo ko ɗaya daga cikinsu ba. Cunkoso da rushewar masai da gurɓatar rijiyoyi sun isa bayani. Amma birnin da ke da wannan tarihi ba shi da sararin da zai bar ɗakin maganinsa ya dogara ga abin da aka tsinta a wurin mai faci.

Ƙorafi na biyu ya fi na mai robar taya nauyi: ko an sayo faifai na gari, hannun da zai ɗaura shi fa? Faifai mai tsada a hannun mai hawa sifana da jiki bai fi robar taya ba. Ka'idar ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri. A goge leɓɓan, a daidaita su fuska da fuska kafin a taɓa noti, domin noti ba igiyar jawo karkataccen bututu ba ce. A shafa wa notunan mai, a sa musu washa, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da hannu ke murɗawa a gogayya yake ƙarewa, kuma noti mai tsatsa yakan yi tauri alhali bai danne komai ba. A ɗaure ɗaya a tsallaka zuwa na daura da shi, ba a bi su a jere ba, a zagaye uku, kashi ɗaya bisa uku, biyu bisa uku, sannan cikakke, da sifana mai awo wadda ke nuna inda za a tsaya. A bar mahaɗar ta huta awanni, a dawo a sake bi, domin ko cuɗaɗɗen PTFE yakan ɗan saki a yinin farko. Kada a haɗa leɓen roba ko na ƙarfen zubi mai shafaffiyar fuska da leɓen ƙarfe mai tudu a tsakiya, domin ɗauri zai lanƙwasa gefen a kan tudun har ya karye. Kada kuma a jera faifai biyu don cike giɓi. Yawan kauri yawan malala ne. Duk wannan darasin rana ɗaya ne ga ɗalibin kwalejin fasaha ta Ramat ko na tsangayar injiniya ta Jami'ar Maiduguri, amma yawancin masu riƙe sifana a gari a wajen maigida suka koya, maigidan kuma a kan baƙin ƙarfe ya koya. Ga kuma jabu. Launin da kamfani ke ba faifansa, shuɗi ga mai ƙwallayen gilashi, ruwan ƙasa ga mai silika, ba doka ba ce da ta hau kan kowa, kuma rina farar roba shuɗi ba ya buƙatar ilimi. Takardar shaidar kaya da tambarin da aka buga a jikin faifan su ne abin dubawa.

Ƙorafi na uku daga waje yake zuwa, kuma bai kamata a share shi ba. PTFE ɗan gidan sinadaran da ake kira PFAS ne, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Wani daga cikinsu, PFOA, da aka daɗe ana amfani da shi wajen ƙera Teflon, ya gurɓata ruwan shan mutanen yankin Parkersburg a jihar West Virginia, aka yi shekaru ana shari'a, a 2019 kuma aka saka shi cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ta haramta. A Janairu 2023 ƙasashen Jamus da Holan da Denmak da Norwe da Suwidin suka gabatar wa Tarayyar Turai buƙatar taƙaita dukan gidan. Mai tunani zai tuna cewa gaskit ɗin da duniya ta dogara da shi kusan ƙarni guda na asbestos ne, ana yabonsa kamar yadda ake yabon wannan, kafin a tabbatar ƙurarsa na jawo cutar daji a ƙirji. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005. Bambancin shi ne haɗarin PTFE ya fi taruwa a wurin ƙera shi da wurin ƙona shi, faifan da ke zaune tsakanin leɓɓa biyu kuwa dunƙule ne da ba ya narkewa cikin ruwan da ke wucewa. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna inda za a sa ido. A garin da ake cinna wa bola wuta kowace yamma, ragowar yankan faifai da tsofaffin gaskit ba na bola ba ne, domin hayaƙin PTFE idan ya ƙone guba ne. Ƙorafin ma yana ƙarfafa abin da aka faɗa a baya: a tsare shi a ƙaramin yankin da ba shi da madadi, a bar wa roba sauran.

Abin da ya rage a hannun masu rubuta kwangila yake. Ɗan kwangilar da ya kafa ɗakin magani yakan zo da gaskit ɗin da ya dace, domin a cikin akwatin injin yake tahowa. Gwajin na zuwa ne bayan shekara ɗaya ko biyu, ranar da aka kwance mahaɗa domin wanke layi, tunda gaskit na PTFE ba a mayar da shi bayan an cire, ya riga ya ɗauki siffar matsin farko. Ranar nan ɗan kwangila ya daɗe da tafiya, ma'ajin kaya ya buɗe sito, idan ba faifai a ciki za a aika yaro wurin mai faci. A cikin takardun aikin gyaran Alau da abin da ke gabanta, layukan da za su hana wannan ba su fi huɗu ba: sunan kowane layin sinadari da irin faifan da ya dace da shi, adadin matsin da za a ɗaure notinsa a rubuce a jikin bangon ɗakin, faifai na ajiya a sito nesa da rana, da sifana mai awo guda biyu, domin ɗaya takan yi tafiya.